Injin da ke Tsakar Gida

Tun da Tsohon Direba ya ajiye tuƙi, injin ƙaramar motarsa ta kaya yake zaune a tsakar gida, a kan tsofaffin tayoyi, lulluɓe da tamfol. Gangar jikin motar ta daɗe da tafiya. Injin kuwa ya hana a taɓa.

Matarsa ta gaji da magana. Nan take so ta ɗaura igiyar shanya, ga baƙin mai ya ɓata siminti.

"Malam, wannan gawar taka yaushe za a kai ta makwanci?"

"Ranar da babbar motar ɗanki ta nemi kayan gyara, a nan za a cire. Kamfani ɗaya ya ƙera su. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Amsar ke nan kullum, har ta haddace.

Ranar kuwa ta zo. Ɗansu Dogo, mai jan tirela, ya shigo da hantsi ido jajur. Famfon ruwa ya mutu, injin yana zafi, da ƙyar ya lallaɓa motar zuwa gareji.

Tsoho ya nufi injinsa. Ya yaye tamfol, ya ɗauko sifana. Notuna sun yi tsatsa, gwiwa tana ƙara, baya yana ciwo. Dogo ya miƙo hannu zai taya, ya harare shi. Sai da rana ta karkata famfon ya fita. Ya goge shi da tsumma, ya rungume shi har gareji.

Makaniken tsohon abokinsa ne, Mai Guduma ake ce masa. Ya jujjuya famfon, ya yi dariya.

"Direba, takalmin jariri ka kawo wa ƙato?"

"Ɗaura kawai. Suna ɗaya ne a jikinsu."

"Suna ɗaya, ciki daban. Naka kayan kasuwa ya saba ɗauka. Wannan kuwa dutse yake ja a kan tudu, ruwan da yake sha naka ko rabi ba zai tura ba."

"Na ce ka ɗaura."

Mai Guduma ya kara famfon a jikin babban injin. Rami ɗaya ya hau, sauran suka kauce. Ya juya shi, haka dai.

"In ka matsa, in huda in yi walda. Zai tashi. Amma a daji zai dafa injin, kuma ɗanka ne a ciki, ba ni ba."

Tsoho ya dubi Dogo. Dogo ya dubi ƙasa.

"Fistin fa?" in ji tsoho.

"Ba zai yi ba."

"Nozul?"

"Abokina, ko matatar mai ba za ta shiga ba."

Ya karɓi famfonsa. A hanyar gida ya fi nauyi. Matar ta gan shi da abin a hannu, ta kawo masa ruwa. Ya ɗora famfon a kan injin, ya daɗe a tsaye.

"Aika a kira masu sayen ƙarfe."

"Gobe?"

"Yanzu. Kafin in huta."

Ya sunkuya da ƙyar, ya naɗe tamfol ɗin.

"Wannan ki bar min. Shi kam babbar mota da ƙarama duk yana rufewa."