Ragowar Kwalba

Malama Raudha ta shekara talatin da ɗoriya tana kallon duniya daga ƙasa, don haka ba wanda zai koya mata yadda abin yake. Wada ce, mai babban kai da gajerun hannuwa da ƙafafu masu ɗan gwame. A makarantar 'yan mata da take koyarwa a Fagge sai ta hau benci take rubutu, duk da haka saman allon bai taɓa ganin allinta ba. Kanawa akwai su da iya cewa gajere ba yaro ba ne, amma a bakin Kasuwar Singa ɗan dako ya sha dafa mata kai ya ce, "Ke yarinya, matsa." In ta ɗago ya ga fuskar babbar mace, maimakon ya ba da haƙuri sai ya tuntsire da dariya. Dariyar nan ita ta fi ci mata rai.

Mijinta Malam Wali dogo ne, amma ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, kuma duk biyun ita suka biyo. Ma'u tana da shekara sha huɗu, Habibu yana da bakwai.

A bakin likitar yaran, Dakta Jawahir, ta fara jin labarin allurar. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauki nauyin yara ƙalilan masu irin wannan halitta, domin maganin ba na talaka ba ne, ba ma na mai rufin asiri ba. Kullum ake yin ta a ƙarƙashin fata, tana taimaka wa ƙashi ya ƙara tsawo. Aka ɗauki hoton ƙashin yaran biyu, likita ta ɗaga hotunan a gaban haske.

"Malama, kin ga ɗan layin nan a ƙarshen ƙashi? Ta nan yaro yake tsawo. Na Habibu a buɗe yake. Na Ma'u ya riga ya rufe, ko an yi mata ba abin da zai ƙaru."

"Ko kaɗan, likita?"

"Ko kaɗan. Shi kuma za mu riƙa auna shi. Wanda magani ya karɓa a ci gaba da ba shi, wanda bai karɓa ba a ba wani, don akwai yara suna jira. Kuma awon da na ƙayyade kar a rage, kar a ƙara, kar a ba wani. Duk wanda aka kama da haka cire ɗansa ake yi."

Ma'u tana zaune tana jin komai. Ta sunkuya ta sa takalminta.

Maganin yana son sanyi, wutar gidansu kuwa sai ta ga dama take zuwa. Shi ya sa Raudha ta kai shi wajen Madam Adaeze, tsohuwar nas mai shagon magani a Sabon Gari, wadda ke da firij da janareta. Ita ta karɓi haihuwar Ma'u, kuma tun daga ranar zumunci ya ƙullu tsakaninsu. Kowace safiya kafin makaranta su ukun za su hau adaidaita sahu su ratsa ta mahaɗar Bata. Sai Habibu ya karya ya sha ruwa sosai tukuna, in ba haka ba jiri ya ɗebe shi. Madam ta haɗa garin maganin da ruwansa a 'yar kwalba, ta zuƙa daidai awo, ta soka masa a cinya ko a ciki. Ma'u ce ke riƙe masa hannu tana tsokanarsa: "Rufe ido, dogon gidanmu." Abin da ya yi saura a kwalbar kuwa sai a jefa shi kwandon shara.

Wannan jefawar ita ta tsaya wa Raudha a wuya. A gidan da ta tashi ba a zubar da ragowa. Tuwon jiya ɗumame ne, ƙanzon tukunya abinci ne, maganin tarin da yaro ya rage kuwa na ɗan maƙwabciya ne. Amma ta danne zuciyarta, tunda likita ta yi magana.

Ran nan suna shirin fita daga shagon aka nemi Ma'u aka rasa. Raudha ta leƙa lungun bayan shago, sai ga yarinyar tsaye ta juya baya. Ta tsinto kwalbar daga shara, ta ɓare murfin da haƙori, ta ɗaga kai tana ɗiga ragowar a harshenta. Da suka haɗa ido, Ma'u ta ɓoye hannu a cikin hijabi, leɓenta yana jini inda murfin ya yanke ta. Raudha ta ji kamar an tsoma ta a ruwan zafi. Ba ta yi faɗa ba, ta goge mata baki kawai suka tafi.

Washegari ta ja Madam gefe.

"Madam, ragowar nan ki yi wa Ma'u."

"Haba Malama! Ba ki ji likita ba? Hanya ta rufe."

"Likita ce ta halicce ta? Ba na Habibu na ce ki taɓa ba. Abin da za ki ba shara na ce ki ba 'yata. Ke kika fara ɗaukarta a duniya, jiya kuma daga kwandonki ta sha."

Madam ta daɗe tana kallon yarinyar da ke zaune a kan benci, ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta ja tsaki, ta ɓare sabon sirinji.

Bayan 'yan makonni Raudha ta tsayar da Ma'u a jikin ƙofar ɗaki, ta hau kujera 'yar tsugunno ta ja layi da alli a saman kanta. Da aka sake gwadawa wata rana, sai ga kan ya wuce layin da kusan faɗin ɗan yatsa. Raudha ta sauko ta kai goshinta ƙasa tana kuka tana godiya ga Allah. Rabonta da irin wannan farin ciki tun Malam yana raye.

Daga nan lissafi ya shige ta, irin lissafin uwa wanda ba ya neman shawara. In ɗigo ya yi haka, ina ga rabi? Ma'u ta fi nauyi, kuma nata lokacin ne ke ƙurewa, Habibu kuwa yana da shekaru a gaba. Sannan shi namiji ne. Gajeren namiji in ya samu abin yi, Alhaji za a ce masa. Ita ta san abin da ke jiran Ma'u, don ta bi hanyar da ƙafarta: kallon mata a gidan biki, da yaran da ke bin mutum a baya suna kwaikwayon tafiyarsa. Kuma a ina aka taɓa ba ɗa guda a hana ɗaya, alhali ciki ɗaya suka fito?

"A raba musu daidai," ta ce da Madam.

"Chineke! A'a. Wannan ba ragowa ba ce, Malama, haƙƙin yaron nan ne. Garin neman gira za ki rasa ido."

"To ba ni kayana in tafi da su gida."

"Su lalace a zafi?"

Suka tsaya cirko-cirko. Ƙarshe Madam ta ce, "Firij dai ga shi nan. Amma hannuna ba zai yi wannan ba." Daga ranar Raudha ce ke haɗa maganin da kanta, don ta ga yadda ake yi har ta haddace. Ta zuƙa wa Habibu kaɗan, ta zuƙa wa Ma'u sauran. Madam kuwa da sun shigo sai ta koma bakin shago ta ƙure rediyo. Gaisuwa ma ta koma sama-sama. Shi Habibu bai san komai ba, ido yake rufewa kamar yadda aka koya masa, murna ma yake yi yanzu shi da Yaya ake sokewa. Uwar ta ja masa kunne kada ya gaya wa kowa, ya ce to.

Layin alli a jikin ƙofa ya ci gaba da hawa, Raudha ta ci gaba da rage na Habibu.

Ranar awo ta zo. Nas ɗin asibiti ta cire wa Habibu takalmi, ta manna dugadugansa da bango, ta sauko da katako a kansa. Ta sake aunawa. Dakta Jawahir ta duba, fuskarta ta canza.

"Malama, kullum ake yi masa?"

"Kullum."

"Maganin yana cikin sanyi?"

"Yana ciki."

Duk gaskiya ta faɗa, amma ba ta taɓa jin gaskiya mai ɗaci a baki irin wannan ba.

"Ɗan abin da ya ƙaru, ko babu allura zai ƙaru," in ji likita a hankali. "Ba laifinki ba ne, kin yi ƙoƙari. Wani jikin ba ya karɓa. Dole mu ba wani yaro gurbinsa."

Raudha ta duba gabas ta duba yamma, babu mafita. In ta yi shiru an cire shi, in ta faɗi gaskiya an cire shi, har Madam ta shiga uku. Abu ɗaya ya rage mata ta riƙe.

"Likita, don Allah a auna min Ma'u."

Likitar ta yi mamaki, amma ta ɗaga wa nas kai. Nas ta ce Ma'u ta tattare hijabi da siket, ta durƙusa ta danne mata ƙafafu a ƙasa da hannu biyu, sannan ta miƙe ta sauko da katako. Tsawonta na ranar farko, shi ne tsawonta na yau. Ko gashi bai ƙaru ba.

Da suka fito bakin titi Raudha ta juyo ta dubi 'yarta.

"Ma'u, layin gida fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ɗage nake yi, Umma. Hijabi yana rufe ƙafata, ke kuma kaina kike kallo. Ranar farko so nake kar a daina yi min. Da na ga kin yi sujada kina kuka, sai na kasa dainawa."

Raudha ta so ta mare ta, ta so ta rungume ta, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsayar da adaidaita, ta ɗaga Habibu ta sa a ciki, ita da Ma'u suka kama ƙarfe suka hau da kyar kamar kullum.

A Bata cunkoso ya riƙe su. Masu tura baro da dilolin atamfa suna ta ihu, 'yan talla suna cusa hannu ta ko'ina. Habibu ya jawo gefen mayafin uwarsa.

"Umma, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Wallahi ban taɓa gudu ba. Ina cinye burodina, ina shan ruwa, ko ranar da ta yi zafi ban yi kuka ba. Jikina ne ba shi da kyau." Ya goge hanci da bayan hannu. "Yaron da za a ba wa, Allah ya sa nasa jikin ya fi nawa."

Ma'u ta kifa fuska a cinyarta, kafaɗunta suna rawa. Raudha ta dubi ɗanta, shi kuma ya zuba mata ido yana jiran amsar addu'arsa, yadda ita da kanta ta koya masa cewa ba a barin addu'a a ƙasa. Ta buɗe baki don ta gaya masa wanda ya cuce shi.

"Amin," ta ce.