Ƙararrawar Baba Wasiƙa

"Riƙe min nan, Tsuntsuwa. A'a, ba taya ba, kan keken."

Baba Wasiƙa ya durƙusa a ƙofar gidansa, ya zare safar hannu ɗaya da haƙori, yana kwance ƙararrawar kekensa da ɗan ƙaramin sukundireba. Sanyin safiyar Asabar ɗin irin mai shiga ƙashi ne. Duk wanda ya buɗe baki sai tururi ya fita, hazo kuma ya sauko har ba a ganin ƙarshen layin.

Nas, ma'aikaciyar jinyar da ke maƙwabtaka da shi, na tsaye a kansu da hular kwanon 'yarta Tsuntsuwa a hannu. Ita ta jawo maganar. Yau ce rana ta farko da ta yarda yarinyar, mai shekara takwas, ta bi 'yan keken unguwa zagayen da suke yi duk Asabar, daga layinsu zuwa gada, su sha shayi su dawo. Sai da suka fito ta latsa ƙararrawar ƙaramin keken ta ji shiru, tsatsa ta cinye ta.

"To, mun fasa," ta ce. "A hazon nan ba za ki hau titi babu ƙararrawa ba."

Kafin hawayen yarinyar su zubo, maƙwabcin nasu ya ce a ba shi minti biyu.

"Baba, kai fa?"

"Shekara talatin na yi ina raba wasiƙa a kan keke, 'yata. Karnukan hanyar nan ma sun san tarina."

Dokar 'yan keken ɗaya ce tun farko: Tela a gaba, Baba Wasiƙa a baya. Ba ya wuce kowa, ko da mutum tura kekensa yake yi. In an sha kwana ya ga kowa ya shige, sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, Tela ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba, a ci gaba. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya taɓa waiwaye. Waiwayen me, Baba yana nan?

Abin da bai yi wa Nas ba shi ne gumin da ta gani ya tsattsafo masa a goshi. Wa ke gumi a wannan sanyi? Jiya da yamma ta shiga ta auna masa jini, ta ga lambar da ba ta so, ta faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa zuciyarsa hutu take nema.

"Maganin ƙarƙashin harshe yana ina?"

Ya bubbuga aljihun rigar sanyinsa, kwalbar ta yi ƙara.

Matarsa ta ɗaga labulen taga, lulluɓe da bargo. "Ki yi masa magana mana, ke yana jin taki."

"Iya, na yi har bakina ya gaji."

"Wai in bai je ba wa zai tsare musu baya. Sai ka ce shi ya haife su."

"Rufe tagar nan, tsohuwa, kada ki yi mura ki ce ni ne," in ji Baba, yana ɗaure ƙararrawar a kan ƙaramin keken. "Aro ne fa, Tsuntsuwa. In mun dawo ki ba ni abata."

Nas ta ce a ranta bari ta sanar da Tela inda ƙararrawar ta koma. Tana ɗaga kai ta ga igiyar hular yarinyar ta yi sako-sako. Ta durƙusa ta ƙara tamke ta, ta tura mata ƙafar wando cikin safa kada sarƙa ta kama, ta ja mata zif har wuya. Kafin ta miƙe, sauran sun iso da hayaniyarsu.

"Tela, wannan rigar kai ka ɗinka wa kanka?" Dogo ke tambaya. "Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Na hagun na ɗaga wa Baba ne, shi ya sa na ƙara masa."

"Mai Kemis, yau dai ka riƙe tumbin nan, kada ya riga ka shan kwana."

"Tumbin da ke tare maka iska kake zagi?"

Suka ɗauki hanya su shida. Tela, Dogo, Mai Kemis, sai Tsuntsuwa, uwarta na biye da ita taya da taya, Baba Wasiƙa a ƙarshe da jar fitilarsa mai ƙyaftawa. Kwalta ta jiƙe da raɓa. Gidaje suka ƙare, aka shiga tsakanin gonaki, ba abin da ake gani sai turakun waya suna fitowa daga hazo ɗaya bayan ɗaya. Fedar Baba ta dama tana da wani kuka, ƙii, ƙii, duk zagaye ɗaya, Nas tana jin sa a bayanta.

A kwanar farko yarinyar ta kaɗa ƙararrawar sau biyu, daidai yadda ta saba ji daga tagar ɗakinta. Can gaba hannun Tela ya ɗagu.

"Lallai, an karɓe min aiki!" in ji Baba. Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Bayan tankin ruwa hanyar take fara hawa, kuma nan ne Nas ba ta so, don nan tifofi masu ɗaukar dutse suke saukowa. Ta matso ta sa kekenta tsakanin 'yarta da titi.

"Ki bi farin layin gefe. Kada ki kalle ni, ki kalli gabanki."

"Mama, yatsuna sun daskare."

"In mun isa za su warke. Taka."

Numfashin Baba ya yi nauyi a bayanta, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Baba, mu tsaya ka huta?" ta faɗa ba tare da ta ɗauke ido daga tayar yarinyar ba.

"A tsakiyar hawa? Da yarinya? Ku je, ina nan."

Sai ga fitilu biyu sun huda hazon. Tifar ta wuce su da ruri, ƙasa na girgiza, iskarta ta kaɗa ƙaramin keken ya yi tangal-tangal. Nas ta miƙa hannu ta dafe bayan yarinyar, tana tura ta, ba ta saki ba har suka kai saman tudun. Wata tifar ta biyo, sannan wata. 

Daga nan gangara ce. A kwanar masana'antar bulo, ƙararrawa sau biyu. Hannun Tela ya ɗagu. Kafaɗun Nas suka sauka, ta saki numfashi. A kwanar makaranta, sau biyu. A kwanar ƙarshe kafin gada, sau biyu. Ita da ta tsaya a kan Baba yana kwance ƙararrawar, ita ma jikinta abin da ya saba ji ya ji: kowa ya cika, Baba yana baya.

Mai shayin bakin gada ya san su. Tun kafin su jingine kekuna ya jera kofuna, ya ƙara ɗaya da ya ga baƙuwa. Nas ta cire wa yarinyar safar hannu, tana murza mata yatsu tana hura musu iska. Kowa ya ɗauki nasa. Kofi ɗaya ya rage a kan tebur, wanda ba sukari, yana tururi.

"Yau tsohon ya gaji ne?" in ji mai shayi.

"Yana tafe," Tela ya ce, bakinsa a kofi. "Yanzun nan na ji shi a kwana."

Nas ta juya ta kalli hanyar. Fari fat. Ta kasa kunne ko za ta ji kukan fedar nan. Sai a lokacin ta tambayi kanta yaushe rabon da ta ji shi. Idonta ya sauka a kan ƙaramin keken da ke jingine a bango, ƙararrawar tana ƙyalli da raɓa.

Ta kira wayar Baba. Ta yi ta ringin har ta katse.

"Tsuntsuwa, zauna nan kusa da wuta. Mai Kemis, kada ka bari ta motsa." Muryarta a daidai take, irin wadda take yi wa masu jinya. "Tela, Dogo, ku taso. Taya ce ta yi masa faci, na sani."

"Mama, in zo?"

"Ki shanye shayinki."

Kwanar hanya uku suka koma baya. A kowacce sai ta ce a ranta nan za su gan shi durƙushe da famfo, yana mita. Ba kowa a kwanar makaranta. Ba kowa a masana'antar bulo. 

Jar fitilar suka fara gani, tana ƙyaftawa cikin hazo, ƙasa kaɗan da saman tudun. Ashe Baba ya sauka daga titi, ya kafe keken a kan ƙafarsa tsaf, yadda ya saba yi a ƙofar gidajen mutane. Shi kuma yana zaune ya jingina da turken waya, kansa ya karkata. Safar hannu ɗaya na kan cinyarsa. Kwalbar maganin na cikin tafinsa, murfin bai buɗu ba.

Nas ta yar da kekenta. Ta taɓa wuyansa, ta kwantar da shi, ta zuge rigar, ta ɗora hannu bisa hannu a ƙirjinsa tana dannawa tana ƙirgawa a fili. Ta ce Dogo ya kira motar asibiti, ya ce musu bayan tankin ruwa. Ta ce Tela ya tsaya a titi da fitila kada tifa ta hau su. Ta yi ta yi har hannuwanta suka mutu, duk da tun taɓawar farko ta san abin da ta taɓa. Da motar ta iso, mutumin da ya sauko ya duba, ya dube ta, ya girgiza kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Dogo, ya zauna a ƙasa daɓas.

Tela ya riƙe kai. "Amma na ji shi. Wallahi na ji shi, har sau uku ina ɗaga masa hannu. In ba shi ba ne, to wa..." Idonsa ya faɗa kan keken Baba, inda ba ƙararrawa.

Nas ta miƙe, gwiwoyinta duk taɓo. Ta matsa har tana jin tururin bakinsa.

"Ni na ce sai da ƙararrawa za ta fita. Ni na manta ban gaya maka ba. In kana neman wanda za ka ambata, ga ni. Amma a gaban yarinyar nan ba wanda ya ji komai a hanya. Ka ji ni, Tela? Dogo?"

Suka gyaɗa kai.

Nas ce ta shiga ta gaya wa Iya, tun kafin labari ya riga ta. Ta gaya mata duka, har da ƙararrawar, ba ta rage ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon bargon da ke cinyarta.

"Da ba ki ce ba ma, sai ya cire ya ba ta," ta ce. "Kin san shi." Can kuma ta ce, "Shi kaɗai ne a wurin?"

"Shi kaɗai, Iya."

"To."

Asabar ta zagayo, ba wanda ya fito da keke. Da hantsi Nas tana shanya kaya Tsuntsuwa ta zo ta tsaya a bayanta.

"Mama, aro fa ya ce."

"Me?"

"Ƙararrawar. Ya ce in mun dawo in ba shi abarsa."

Nas ta ajiye bokitin. Ta nemo wuƙar tebur ta kwance ta, suka shiga gidan Iya tare. Keken yana jingine a barandar ciki, an goge masa taɓo. A kan ƙarfen, kusa da birkin dama, akwai wani zobe mai haske inda rana ba ta taɓa gani ba shekara da shekaru.

"Ranar nan na kaɗa daidai, ko Mama? Sau biyu-biyu, yadda yake yi."

"Daidai kika yi," in ji Nas. "Riƙe min kan keken."

Yarinyar ta riƙe da hannu biyu. Iya na zaune a bakin ƙofa tana kallonsu. Nas ta ɗora ƙararrawar a kan zoben, tana juya notin a hankali, tafin hannunta a rufe a kanta kada ta yi ƙara.