Keken Matar Kyaftin

"Wa ya wanke wannan da ruwa?"

Yaya ta ɗago daga kan keken ɗinki na huɗu, ta nuna wa ƙanenta yatsanta da ya yi jajir da tsatsa. Auta bai ko juyo ba. Yana tsaye a tsakiyar shago cikin farin yadi, yana gwada wa matarsa inda za ta tsaya da waya idan baƙi sun fara shigowa.

"Ruwa da sabulu ne kawai, Yaya. Na ga ana yi a bidiyo."

"To, Allah ya ƙara ilimi."

Ta jiƙa tsumma da kananzir ta ci gaba da gogewa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kan keke. Takan bi shagunan teloli ta kwashe ƙyallayen da suka zubar, ta yayyanka, ta haɗa kala da kala, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da ɗinki layi-layi har bargo ya fito. Da wannan ta aurar da 'ya'ya biyu. Auta kuwa, wanda ko maɓallin rigarsa bai taɓa mayarwa ba, shi ne yau ya zama masanin tsofaffin kekuna. Tun da ya bar aikin ofis ya shiga tara su, har ya kai goma sha shida. Ya kama shago mai ƙofar gilashi, ya jera su a kan tebura, kowanne da fitila a kansa kamar jariri a asibiti. Bargunan Yaya ya rataye a bango. Yau da ƙarfe huɗu za a buɗe, kuma ya riga ya sanar cewa baƙi za su ga keke yana ɗinki. Sai da safen nan ya gano babu ɗaya da ke juyawa. Shi ya sa aka tuna da ita.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani an lafta masa fenti har ramin zuba mai ya toshe. Wani an sa masa allura a baibai. Wani babu ƙoshiyar zare a cikinsa ma, amma katin da ke gabansa ya ce "cikakke, kamar ranar da aka ƙera shi".

"Waɗannan ba za su yi yau ba," ta ce. "Sai sun kwana biyu suna shan mai. Wancan da ka lulluɓe fa?"

Auta ya gyara hula. Ya je tsakiyar shago, ya janye jan mayafi a hankali, kamar ana ɗaukarsa a talabijin.

"Wannan shi ne sarkinsu. Dillali sai da ya yi tafiyar kwana biyu kafin ya samo min. Karanta katin ki ji."

Ta karanta. Katin ya ce keken ya haura shekara ɗari, kuma na matar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ne da ta zaga duniya da shi.

"Matar kyaftin," in ji Yaya. "Allah sarki, ita ma ta sha ɗinki. Dubi yadda zanen ya goge."

Baƙin keke ne na hannu, zaune a kan gindin katako. Ta murza, ya cije. Ta gyara zama, ta kwance ƙugiyar da ke riƙe da shi, ta kwantar da shi baya don ta zuba wa cikinsa mai. Ta kai tsumma ta share baƙin maiƙon da ya daskare a ƙasan ƙarfen. Sai hannunta ya tsaya.

Akwai kaza a wurin. An zana ta da ƙusa, ƙafa uku gare ta, da ƙaton baki.

Tana 'yar shekara takwas ta zana ta, ranar da Inna, mahaifiyarsu, ta kwantar da keken ta fita ɗebo mai. Ta sha dukan da har yau ba ta manta ba. A kan keken nan Inna ta ɗinka musu kayan makaranta, a kansa Yaya ta koyi ɗinki. Da Inna ta rasu, shekara tara da suka wuce, Yaya tana asibiti tana jinyar mijinta. Kafin ta dawo Auta ya share ɗakin. Ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe gado da tukwane da keken. "Tarkace ne, Yaya, wuri kawai suke cinyewa," haka ya ce mata a lokacin. Kwana uku ta yi tana bin filayen ƙarafa, tana ɗaga wannan tana ɗaga wancan, masu wurin suna mata kallon wadda ta taɓu.

"Auta, zo nan."

"Ina zuwa, bari in..."

"Na ce ka zo."

Ya zo. Ta nuna masa.

"Gaishe da matar kyaftin."

Ya leƙa, ya yamutsa fuska. "Mene ne wannan? Tambarin kamfani ne?"

"Kamfanina ne. Keken Inna ne wannan. Wanda ka sayar."

"Haba Yaya, kekuna ai kama suke yi."

"Miƙo hannunka na hagu."

Ta kama ɗan yatsansa, ta nuna masa farcen da ya fito a karkace. Sannan ta nuna gefen ramin allura, inda ƙarfen ya ɗan ɓantare.

"Nan allurar ta karye, bayan ta huda ka. Ni na goya ka zuwa wurin mai magani kana min fitsari a baya."

Matar Auta ta sauke waya, ta rufe baki da hannu. Auta ya ƙura wa kazar ido. Yaya ta jira. Ba wani abu mai yawa take nema ba. Ko ya ce ya yi kuskure, ko ya zauna a ƙasa na minti ɗaya, da ya ishe ta.

Fuskarsa ta fara washewa.

"Kai! Yaya, kin san abin da wannan ke nufi? Ai ya fi na kyaftin armashi! Keken mahaifiyata!" Ya juya wurin matarsa. "Maza cire katin nan, ki rubuta wani. Ki sa 'gadon gida'."

Yaya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ɗauki tsohon buroshin haƙori ta shiga kakkaɓe audugar da ta dunƙule a haƙoran keken. Ba don shi ba. Ba za ta iya barin keken Inna da datti ba, shi ke nan. Ta ɗiga mai a kowace gaɓa, ta murza, ta jira, ta sake murzawa. Ta ciro ƙoshiya ta goge, ta sa sabuwar allura daga jakarta. Wajen ƙarfe uku da rabi keken ya saki jiki. Ƙararsa ba ta canja ba ko kaɗan.

Baƙi suka cika shago, masu turare da manyan tabarau. Suna shafa bargunanta suna cewa abin ya burge su, babu wanda ya tambayi wa ya ɗinka. Aka zaunar da ita a gaban keken kamar ita ma an sayo ta tare da shi. Ta haɗa ƙyalle shuɗi da ruwan ɗorawa, ta murza, wayoyi suka yi sama.

Auta ya tsaya a bayanta ya dafa kujera.

"Wannan keken," ya ce, muryarsa har da rawa, "da shi mahaifiyarmu ta raine mu. Da ta rasu, kowa ya ce tarkace ne. Ni na ce a'a. Shekara tara ina adana shi."

Wata mata ta share ido da gefen mayafi. Aka tafa. Yaya ta yanke zare da haƙori.

Wani mai ƙaton agogo ya matso, ya ja Auta gefe, amma ba su yi nisan da ba za ta ji ba.

"Ina son wannan a falona. Na sayarwa ne?"

"Kai, yallaɓai, abu ne mai wuya," in ji Auta. Ya ɗan yi dariya, ya rage murya. "Amma bari mutane su ragu, sai mu zauna."

Yaya ta ɗaga ƙafar keken da ke danne yadi, ta zare ƙyallen, ta ninke ta sa a jaka. Ta mayar da ƙugiya ta ɗaure shi da gindinsa sosai. Ta miƙe, ta je bango, ta sauke ƙaramin bargo ɗaya, ta naɗe keken da shi. Ta rungume shi ta ɗaga. Ya fi yadda ta tuna nauyi, ko kuwa ita ce ta tsufa.

"Yaya, ina zuwa?" Auta ya sha gabanta yana murmushi don baƙi, idonsa kuwa ya yi ja.

"Gida," ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Na gode Allah da ka adana shi shekara tara, ƙanena, ka yi ƙoƙari. Yanzu ka huta, ni ma in karɓe ka."

Matar da ta yi hawaye ta dafe ƙirji. "Allah sarki, zumunci!" Aka sake tafawa, har da mai agogo. Auta ya buɗe baki, ya dubi wayoyin da ke kansa, ya rufe. Da hannunsa ya riƙe mata ƙofar gilashin.

A bakin titi ta huta sau biyu kafin ta kai tasha. Bas ta zo a cike. Kwandasta ya ce ta kawo kayan a sa a baya, ta ce a'a. Ta matsa tsakanin wata mai jego da wani mai barci, ta ɗora keken a cinya. Man da ta zuba masa ya fara ratsa bargon yana shiga zanenta na fita, tana jin ɗuminsa, ba ta gyara ba.

Waya ta fara ƙara a cikin jakarta. Ta katse, ta sake farawa.

"Mama, ana kiranki," in ji mai jegon.

"Na ji, 'yata," Yaya ta ce. "Hannuna biyu ne, duk suna aiki."