Burtalin Dunoma

Dunoma yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifiyarsa Ya Kura ta taso da shi daga Gure ta ƙasar Nijar, bayan rasuwar ubansa. Suka sauka a Babura gidan wanta Bunu, a shekarar da aka samu 'yancin kai. Bai san komai a Hausa ba sai gaisuwa. Kafin damina biyu ya iya ta har da baƙar magana. Ya shiga firamare ya girmi kowa a ajin, ko a jikinsa.

Bayan karatu ya zama malamin dabbobi. Shekara goma yana bin rugage a kan babur, daga Kanya Babba har Gwiwa, yana yi wa shanu allura, a nan ya tsinci Fillanci. Lokacin babban fari ya ga yadda shanu suka yi ta faɗuwa, ga ruwa a gaba amma gonaki sun cinye hanyar mashaya. Abin ya tsaya masa a rai.

Da soja suka tashi sauka daga mulki, Arɗo Hamma ya zo da dattawa suka ce ya tsaya takarar majalisar jiha. Dunoma ya tuna musu cewa ko da yake takardar zama ɗan ƙasa tana hannunsa, ba a nan aka yanke cibiyarsa ba, kuma sai an goranta masa. Arɗo ya ce su ba cibiya suka zo nema ba. Ya tsaya, ya kuwa ci.

A Kano ya kawo ƙudurin a shata burtali da turakun siminti, daga bakin iyaka zuwa mashaya. Wani ɗan majalisa, Alhaji Sama'ilu, ya miƙe ya ce baƙo ne ke son buɗe wa shanun garinsu hanya. Aka kwashe da dariya. Dunoma ya jira har ta lafa.

“Ranka ya daɗe shugaban majalisa, gaskiya ne a Gure aka haife ni. Amma shanun nan ni na yi musu allura, na san masu su da sunansu, a Babura suke biyan jangali. Alhaji ya zo kasuwarmu ya nuna mini baƙuwa guda.”

Ƙudurin ya wuce da ƙyar. Wahalar tana gida, domin manoma sun ce ba mai taɓa musu ko kunya ɗaya a gonakinsu. Da masu awo suka ja igiya, sai ga ta ta ratsa tsakiyar gonar kawunsa Bunu. Mutane suka zuba ido.

Dunoma ya je ya durƙusa gaban tsohon. “Kawu, da gonarka nake so a fara.”

Bunu ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce a bari ya girbe geronsa tukuna. Bayan girbi shi da kansa ya riƙe turken farko aka zuba siminti. Daga nan sauran manoma suka yi ta sakin nasu, wasu da gunaguni.

An kafa fiye da rabin turakun, sai soja suka dawo suka rushe majalisa. Dunoma ya tattaro kayansa ya koma Babura, ya buɗe shagon maganin dabbobi kusa da kara, wato kasuwar shanu. Ran kasuwa sai ka ga manomi da makiyayi zaune a bencinsa, kowa yana jiran ya ji ta bakinsa kafin a kai ga alƙali.