Damin Ƙarshe na Gonar Thurlow

A ƙauyen su Cyril Garrod, can cikin karkarar Suffolk, arewa maso gabas da Landan, ba a taɓa ƙona damin ƙarshe ba. In an gama girbin alkama, ɗan abin da ya rage tsaye a kusurwar gona shi ake yankowa da lauje, mace ta kitsa shi ya zama 'yar tsana, a rataye ta saman murhu ta sha ɗumi. Ranar da garma ta fara shiga gona bayan sabuwar shekara, sai a kwantar da ita a kunyar farko a rufe. Magabata sun ce ruhin gona ne ke fakewa a cikinta. Cyril bai taɓa cewa ya yarda ba, bai kuma taɓa bari shekara ta wuce ba a yi ba. Ran Lahadi kuwa yana coci, sahun gaba.

Lokacin yaƙin duniya na biyu masu fim suka zo daga Landan, wai a nuna wa sojoji ƙasar da suke yi wa faɗa: coci, dawakin noma, 'yan mata a gona. Daraktan ya ga 'yar tsanar, ya ce fim ɗinsa zai ƙare da ita cikin wuta, jama'a na zagayawa suna waƙa. An daɗe da hana kunna ko ashana a waje saboda jiragen Jamus, kowa na marmarin ganin wuta, babu wanda ya musa. Hilda, amaryar Cyril a lokacin, ta kitsa biyu. Ta miƙa musu ta bogi, ta gaskiyar ta ɓuya a kwandon wanki.

Shekara kusan talatin bayan haka, wani saurayi mai gashi har kafaɗa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ya ce sunansa Julian, shi ma darakta ne. Yana shan shayi idonsa na kan 'yar tsanar bana da ke rataye saman murhu.

"Mista Garrod, tun ina yaro na ga fim ɗin nan a talabijin. Cocin da addu'o'in duk na manta. Wutar nan ce ta hana ni barci. Maguzancin kakanninmu ne zalla, ya leƙo ta bayan coci. Fim ɗina a kansa zai tsaya: baƙo ya shigo ƙauye, mutane na ta yi masa fara'a, ashe shi za a ƙona tare da ita."

"Mu ba ma ƙonawa," in ji Cyril. "Wani mutumin Landan ne ya ƙirƙiro, mai tarin sigari. Mu binnewa muke yi."

Julian ya yi murmushi. "Dama an ce min za ku ɓoye."

"To ai shi ke nan. Ƙara biskit."

Da a ce a'a za ta wadatar, da Cyril ya faɗe ta. Amma alkamar ta Thurlow ce, mai gonar, gidan da suke ciki ma nasa ne, kuma ya riga ya yi wa masu fim alkawari: ran Asabar za a zo a ɗauki 'yar tsanar. Ga shi sanyin ƙashi ya murɗe wa Hilda yatsu. Ta bana ma sai da ta yi ta ajiyewa tana ɗumama hannu a jikin butar shayi kafin ta gama, ta kuma faɗa da bakinta cewa daga ita ba ƙari. 'Yan matan ƙauyen duk suna aikin kamfani a birnin Ipswich, ba wadda ta koya.

"Ta biyu fa, kamar wancan karon?" Cyril ya tambaya bayan baƙon ya tafi.

Ta ɗaga masa hannuwanta. "Da waɗannan? Ko maɓallin rigarka ba na iyawa, tsoho."

Washegari ya kwaso kara daga rumfar shanu, ya jiƙa a bahon wanki kamar yadda ya saba ganin tana yi, ya zauna a teburin kicin. Hilda ta jawo kujera.

"Biyar-biyar ake riƙewa. Wannan kan wannan. A'a, Cyril, ba igiyar doki kake tufkawa ba."

"Ki bar ni, na sha kallo."

"Ka sha kallo kana jiran abinci."

Ya kwance ya sake, ya kwance ya sake. Abin da ya fito a ƙarshe, kai ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ciki ya kumbura ta gefe. Hilda ta dube ta ta dube shi.

"Ta yi kama da yayarka Doris."

"Doris ta fi ta wuya."

Dabararsu ita ce ta da: a ɓoye ta gaskiyar a kwando, a ce ga ta bana. Amma Julian bai jira Asabar ba. Ran Juma'a da hantsi ya faɗo, wai yana son auna 'yar tsanar da kyamara, ya tarar da 'yan tsanan biyu kwance a teburi, don Hilda ta sauko da tata tana nuna wa Cyril inda ya ɓata. Tata sumul, kitso ya zauna, zangarniya ta bazu kamar siket, ga jan ƙyalle a ƙugu. Ƙarya ba ta da wurin zama kuma.

Julian ya ɗauki ta Hilda ya jujjuya. Hilda ta sa hannuwanta cikin aljihun rigarta.

"Kyakkyawa ce, Misis Garrod," ya ce. "Kyan ya yi yawa. Kamar ta shagon tsaraba." Ya ajiye. Ya ɗauki ɗayar, ya ƙura mata ido. "Wannan ce. Dubi fuskarta. Wanda ya yi wannan yana tsoron wani abu."

"Matarsa," in ji Hilda.

"Jiya na yi ta, da karan rumfar shanu," in ji Cyril. "Gara ka sani."

Julian ya sake irin murmushin nan, ya naɗe ta cikin mayafin wuyansa a hankali, ya fita da ita. Thurlow bai damu da wadda aka ɗauka ba, tunda masu fim sun gode masa.

Suka ƙone ta ran Asabar a kan tudu, da 'yan wasa sanye da fatun dabbobi. Cyril ya je kallo, ya dawo ya ce ta ci wuta da kyau.

Bayan sabuwar shekara, da safe, raɓa ta daskare a kan ciyawa, direban tarakta ya ja kunyar farko ya tsaya ya kunna sigari, don ya san al'adar tsohon. Hilda ba ta iya sunkuyawa, Cyril ne ya durƙusa ya kwantar da 'yar tsanar, ya gyara mata jan ƙyallen, ya tura ƙasa da hannu.

Suna komawa gida tana riƙe da hannunsa ta ce, "Baɗi kai za ka yi."

"Ki ga abin da na yi fa."

"Gona ba kallo take yi ba. Amma ka fara koyo tun yanzu, kada mu binne Doris."