Sakakkiyar Tsirkiya

Sirajo mutum ne mai son gyara. Bai iya ganin ƙofa tana ƙara ko famfo yana ɗiga ya wuce ba, ko da kuwa ba gidansa ba ne. Matarsa Hadijatu takan ce wata rana sai ya gyara abin da bai lalace ba, shi kuwa sai ya yi dariya.

Karatun aikin gona ya kawo shi birnin Greensboro na ƙasar Amurka a 1979. Da Hadijatu ta biyo shi, suka kama hayar ɓangaren baya na wani gida a McLeansville, inda gonaki suka fi gidaje yawa. Mai gidan wani tsoho ne ɗan tsibirin Hawaii, sunansa Kaleo. Aikin soja ya jefo shi nan lokacin yaƙin duniya na biyu, ya haɗu da wata budurwa mai suna Odessa, sai maganar komawa gida ta bi ruwa. Ya ƙare ƙarfinsa a masaƙa. Allah bai ba su haihuwa ba, shi ya sa da Sirajo ya fara ce masa Baba, tsohon ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Kullum da yamma Baba Kaleo kan zauna a baranda da jitarsa. Kiɗa ne marar hayaniya, babban yatsa na tafiya a ƙasa, sauran yatsun suna bin sa a hankali. Sirajo yana son kiɗan ƙwarai, don yana tuna masa da mahaifinsa, makaɗin garayar mafarauta a Ɗambatta. Amma bai taɓa ɗaukar jitar ba, bai kuma taɓa tambayar komai a kanta ba.

A bazarar 1983 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon. Hannun hagu ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Ana gobe za a sallamo shi daga asibiti, Sirajo ya shiga share masa ɗaki, ya jawo jitar daga ƙarƙashin gado, ya ɗan taɓa tsirkiyar ƙasa. Sai ya ji ta sako-sako. A gidansu ba a sassauta tsirkiya sai mai kayan kiɗan ya rasu. Da idonsa ya ga an saki ta garayar mahaifinsa ranar sadakar uku, aka rataye ta a zaure. Ga mutum da ransa, ga jitarsa a sake kamar ta mamaci? Bai gaya wa kowa ba. Ya sa ta a mota, ya kai wani shagon kayan kiɗa a High Point Road. Mai shagon ya kaɗa sau ɗaya ya yamutsa fuska, ya ce duk a karkace take. Ya cire tsofaffin tsirkiyoyin, ya sa sababbi, ya ɗaure su tamau yadda ake ɗaure kowace jita.

Washegari Sirajo ya ɗora ta a cinyar tsohon yana washe baki. Baba Kaleo ya sa babban yatsan dama ya sauke a kan tsirkiyoyin. Sau ɗaya. Ya tsaya. Ya sake saukewa. Sannan wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda Sirajo bai taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba, ya ture jitar, ya juya fuskarsa bango.

Mama Odessa ta jawo Sirajo kicin.

"Ɗana, me ka yi wa jitar nan?"

"Gyara ta na yi, Mama. Na ga ta saki."

"Ba saki ta yi ba. Haka kiɗansu yake, da gangan ake sassautawa. Kowane gida da nasa ɗaurin, kuma ba a gaya wa bare. Wannan na mahaifinsa ne, Iokepa. Ko ni da na tsufa a gidan nan ban san shi ba. A kansa yake, sai kuma a jikin jitar."

Kan tsohon kuwa ga halin da yake ciki, jita kuma Sirajo ya gama da ita.

Sun gwada. Sirajo yana murɗa kunnuwan jitar, tsohon yana saurare, wai in an zo daidai ya ɗaga yatsa. Amma ciwon ya ɗauke masa bakin zaren. Ya san ba haka ba ne, bai san yadda yake ba. Sai ya yi ta girgiza kai har hawaye ya zubo. Mama Odessa ta ce a daina. A nan ne ta tuna cewa Iokepa ya taɓa yin faifan garmaho guda ɗaya a Honolulu, can Hawaii, kafin yaƙi. Nasu ya fashe tun da daɗewa. Ta ce wataƙila in Baba Kaleo ya ji shi, kunnensa zai tuna.

Daga ranar Sirajo ya shiga nema, ba ji ba gani. Ya bi shagunan gwanjo na titin Elm ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce Hawaii, sai a miƙo masa faifan da aka yi don baƙin otal, da hoton 'yan mata da furanni a wuya. Wani tsohon mai shago ya tausaya masa, ya ce irin abin da yake nema ba a shago yake ba, sojojin da suka zauna can ne suka zo da shi a akwatunansu, kuma ba ya fitowa sai sun mutu 'ya'yansu sun baza kayan a tsakar gida don sayarwa. Sai Sirajo ya koma karanta shafin mamata a jarida. Duk wanda aka ce ya yi aikin sojan ruwa, sai ya ajiye sunan unguwarsa, ya jira Asabar, ranar da aka saba baza irin kayan.

"Maigida, ka zama ungulu," in ji Hadijatu. "Kana jiran mutane su mutu. Kowane wikend kana hanya, shi kuma Baba yana nan yana kallon ƙofa. Ka shiga ka zauna da shi mana."

"Da wace fuskar? Bari in samo faifan tukuna."

Kunya ce ke cin sa, ya sa mata rigar himma. Yakan leƙa ya gaida tsohon daga bakin ƙofa, ya wuce da sauri. Hadijatu ce ke dama kunu ta kai, ita ke taya Mama Odessa juya shi a gado. Ganye ya zube, sanyi ya shigo. Ciwon ya sake bugun tsohon, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ranar ma Sirajo yana wani gari yana tona kwalayen wani mamaci.

Sai da wata bazarar ta zagayo ya samu faifan, a garejin wani gida kusa da Burlington, tsakanin tsofaffin takalma da fitilar da ba ta aiki. Faifai ne baƙi mai nauyi, takardar tsakiyarsa ta koɗe, amma sunan yana nan: Iokepa Makanui. Ya naɗe shi a rigarsa, ya tuƙo mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mama Odessa ba ta yi murnar da ya zata ba. Ta dai sauko da tsohon garmahonta, ta goge ƙura, ta ajiye a gefen gado. Sai a lokacin Sirajo ya dubi Baba Kaleo da kyau. Ya rame ya ƙare, idanunsa a buɗe suna kallon rufin ɗaki.

"Baba, na samo. Ga mahaifinka."

Allura ta sauka. Aka ji shuuu, sannan kiɗan ya taso, shi ne sak, na baranda, babban yatsa a ƙasa sauran suna bi. Hadijatu ta toshe baki. Mama Odessa ta zauna a bakin gado tana kuka marar sauti. Sirajo kuwa fuskar tsohon ya tsura wa ido, yana jira.

Ba abin da ya motsa. Can sai tsohon ya ɗan yamutsa goshi, irin yadda yake yi in ƙuda ya dame shi, ya lumshe ido. Barci ya ɗauke shi tun faifan bai ƙare ba.

"Tun ciwo na biyu bai ƙara gane kowa ba," in ji Mama Odessa. "Kafin nan kuwa, duk motar da ta tsaya a waje sai ya juyo ya dubi ƙofa. Na so in gaya maka. Ba ka tsayawa."

Sirajo ya sunkuya. Ya jawo jitar daga ƙarƙashin gado, ya mayar da allura farko, ya kama kunnen tsirkiyar ƙasa ya fara sassautawa. Yana murɗawa yana duban hannun daman tsohon a kan bargo, ko yatsa zai ɗaga. Ya murɗa, ya saurara, ya ƙara murɗawa. Sautin ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har ya daina zama sauti, tsirkiyar ta kwanta a jikin katako kamar ta garayar da ke rataye a zauren gidansu. Babu wanda ya ce masa ya isa.