Inda Hanya Ta Tsuke

Direban ya kafa kai ya shanye gorar ruwa ta uku, ya murɗe murfinta da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi. Tun ƙarfe bakwai da rabi yake kan bencin sashen masu ciwon fitsari, matarsa a gefensa tana kallon bango. Nas ta ce kada ya kuskura ya shiga banɗaki sai mafitsararsa ta cika taf, domin na'urar da za ta auna ƙarfin fitsarinsa ba ta aiki da ɗan kaɗan.

"Ta cika fa," ya ce wa nas ɗin da ta zo wucewa. "Wallahi ta cika."

"Mutum huɗu ne a gabanka, Baba. Ka daure."

"'Yar nan, da ina iya daurewa me zai kawo ni nan?"

Wata bakwai ke nan yana fama. Fitsarin ya koma siriri kamar zare, wani lokaci ya rabu biyu, sai ya yi ta yunƙuri kafin ya fito. Ya gama ya koma mota, bayan minti goma ya ji kamar bai yi ba. Bas ɗin ma'aikatan wani kamfani yake ja, kuma sau uku yake tsayawa a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, har abokan aiki suka laƙaba masa "Ina-Zuwa". Makon jiya manaja ya karɓi makulli, ya ce ba zai sake hawa mota ba sai ya kawo takardar likita.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke gida. Yayar matarsa ta faɗa mata cewa irin wannan ciwo a waje maza suke kwaso shi, ciwon sanyi ne da ya daɗe. Matar ba ta tuhume shi da baki ba. Ta dai daina haɗa ido da shi, yau kuma ta rufe shagon ɗinkinta ta biyo shi, ta ce tana so ta ji da kunnenta.

Wajen ƙarfe goma ya kasa. Ya miƙe yana tafiya a tattale, ya shige banɗaki, ya daɗe. Yana fitowa ya ji nas tana kiran lambarsa.

"Ina ka je?"

Ya nuna ƙofar banɗaki.

"Haba Baba! To sai ka sake daga farko. Ga famfo can."

Wani tsoho da ke ƙarshen benci ya ƙyalƙyale da dariya. "Sannu da shigowa ƙungiya, ɗan'uwa. Ni jiya da na riƙe, na'urar ce ta ƙi. Yau na'urar ta yarda, ni na ƙi."

Direban bai yi dariya ba. Ya cika gora ya dawo ya zauna.

"Ka riƙa sha a hankali, Baban yara," in ji matarsa. Ita ce maganarta ta farko tun da suka iso.

"Yanzu shan ruwan ma sai an koya mini?"

Sai bayan sha biyu aka shigar da shi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da wani babban mazurari a kan ƙafa, waya ta fita daga gindinsa zuwa na'ura. Nas ta ce ya yi kamar yadda yake yi a gida, kada ya matsa, ta ja ƙofa. A bayan ƙofar wasu ma'aikata biyu suna gardamar wanda zai yi aikin Asabar. Ya tsaya, mararsa kamar za ta fashe, amma ko ɗigo. Ya rufe ido. Can abin ya soma zuwa, yana tsayawa yana dawowa, na'urar tana zana wani layi a kwance a kan takarda.

Daga nan aka kwantar da shi, aka shafa masa wani abu mai sanyi a mara, aka goga na'urar hoton ciki.

"Ka tabbata ka gama?" nas ta tambaya tana duban allo.

"Na gama."

"Kusan rabi yana nan a ciki."

Aka ba shi wata takarda zuwa ɗakin hoto, can ƙarshen wani dogon baranda. Mai ɗaukar hoton ya fita cin abinci. Da ya dawo, sai ga shi matashi, bai fi sa'ar babban ɗan direban ba. Ya yi bayani da ladabi: zai tura wani ruwa mai fitowa a hoto ta bakin hanyar fitsarin, ruwan ya bi hanyar zuwa ciki, duk inda ta tsuke za a gani.

"Ta ina ka ce?"

"Ta nan ɗin dai, Baba. Ka yi haƙuri. Cire wandon, ka kwanta ka ɗan karkata."

Teburin ƙarfe ne, sanyinsa har ƙashi. Direban ya kafa ido a kan wata tsaga da ke silin. Ruwan ya shiga da zafi kamar barkono, ya damƙe gefen teburin.

"Kada ka motsa. Ka motsa, Baba. Sai mun sake."

Suka sake.

La'asar ta yi kafin su ga likita. Ya liƙa hoton a jikin fitila ya nuna da biro. Hanyar ta fito fara, da faɗinta, sai a wani wuri ta matse ta zama kamar gashi, sannan ta sake buɗewa.

"Ga matsalar. Tabo ne ya tsuke hanyar, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Shi ya sa mafitsara ba ta juye duka. In aka bar shi zai iya taɓa ƙoda."

Matar ta matso da kujerarta, ta ƙura wa hoton ido yadda take duban ɗinkin da ya tattare.

"Likita, me ke kawo shi?"

"Abubuwa da dama. An taɓa sa maka robar fitsari?"

"An taɓa!" Direban ya gyara zama da sauri. "Shekara tara ke nan, da na yi hatsari na karye a cinya. Kwana goma sha biyu tana jikina." Ya juya ga matarsa. "Ke ce ma kika yi jinyata."

"To, tana iya zama ita. Buguwa a wurin ma tana kawo shi. Ciwon sanyi da bai sami magani da wuri ba shi ma yana kawo shi."

"Nasa wanne ne?" ta tambaya.

"Hoto yana nuna mini wurin da tsawonsa, Hajiya. Ba ya nuna dalili. Tabo duk kamarsa ɗaya."

"Amma ai robar ce," in ji direban. "Likita, ka faɗa mata robar ce."

"Ta fi kama da ita. Rantsuwa ce ba zan yi ba."

Likitan ya ci gaba da rubutu. Ya ce saura gwaji ɗaya, za a zura siririyar kyamara a ga tabon ido da ido kafin a yanke irin aikin da za a yi. Ranar Alhamis ta sama. Kuma lallai ya zo da wanda zai mayar da shi gida.

"Takardar komawa aiki fa?"

"Sai an buɗe hanyar. In na rubuta ka warke, na yi ƙarya."

A bakin ƙofar asibiti direban ya tsaya, ambulan ɗin hoton a hammatarsa. Motoci suna wucewa, kwandastoci suna kiran fasinja.

"Tun safe nake ɗurar ruwa kamar tulu," ya ce. "Na tuɓe a gaban sa'ar ɗana. Ba don manaja na yi ba, don ke na yi, ki ji daga bakin likita. Ga shi likitan ma ya ce bai sani ba. Shekara ashirin da huɗu muna tare, Maman yara. Ban taɓa neman wata ba. Ba ni da na'urar da za ta nuna miki wannan."

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta zare ambulan ɗin daga hammatarsa, ta ga gefensa ya soma lanƙwashewa, ta miƙar da shi a kan gwiwarta, ta sa cikin jakarta a tsaye.

"Alhamis ɗin ƙarfe nawa ya ce?"

"Takwas. Zan kira ƙanena ya raka ni."

"Ƙanenka da ko jini ya gani sai ya zube?" Ta ɗaga hannu ta tsayar da mota. "Ina da kayan mutane da zan bayar ran Alhamis. Zan gama su Laraba."